Watan da Na Karanta Takardun Ƙosai

A watan da yara suka koma lakwal, wato makarantar boko, bayan hutun damina, na yi niyyar karanta littattafai uku. Ƴata da ke aikin asibiti a Damagaram ce ta aiko mini da su a motar kasuwa, ta ce tunda na ajiye alli sai in zauna in yi karatu kamar manyan mutane. Na shimfiɗa tabarma a gindin dabinon da ke tsakar gidanmu, wanda mahaifiyata ta dasa tun kafin a haife ni. Dabino ne marar kirki, inuwarsa kaɗan, ƙayarsa da yawa, sau biyu ina cewa a sare shi. A nan na buɗe littafi na farko. Shafi goma sha biyu na karanta a cikinsa. Sauran watan kaf, takardun ƙosai na karanta.

Ranar wata Talata da safe surukata, matar ɗana da muke zaune gida ɗaya, ta sayo mana ƙosai na shan koko. Na cinye, na ɗauki takardar zan goge hannu, sai idona ya faɗa kan rubutun jan biki, wato jan biro, a gefen shafin. An ja layi ƙarƙashin wata kalma, an rubuta gyara a sama. Na san wannan hannun, domin nawa ne. A ƙasa kuma rubutun yaro ne, manyan baƙaƙe masu rawa, mai ya jiƙa rabinsu. Abin da ya rage yana cewa kakarsa ta ce a da, idan mutum ya sauka kwarinsu, ba ya ganin rana saboda dabino da goruba.

Duk wanda ya san ƙasarmu ta Gure ya san kwari. Tsakanin tuddan rairayi ƙasa takan lotsa, ruwa ya matso kusa, mutane su yi lambu, su dasa dabino, wasu su kwashi kanwa. Rairayi kuma ba ya zama wuri ɗaya, kullum yana matsowa, har ya binne rijiya ya kori mutane. Shekaru fiye da ashirin ina koyar da ƴan aji shida, kuma kowace shekara ina ba su aiki ɗaya: kowa ya sayi kaye, wato littafin rubutu, ya je wurin kakansa ko kakarsa ya rubuto labarin kwarin da aka haife su. Me ake shukawa, wa ya haƙa rijiya, yaushe aka tashi. Ƴan Kelle sun rubuto, ƴan Bune sun rubuto, ƴan ƙauyukan da yanzu ko alamarsu babu sun rubuto. Na tara su cikin kwalaye a magazar lakwal, ɗakin ajiyar da ke bayan ofishin direkta. Da na ajiye aiki na bar su can, saboda gidana gara ta yi masa yawa, kuma a wautata na ɗauka lakwal ce gidan takarda.

A cikinsu akwai guda mai koren bango. Ƴata ce ta rubuta shi shekarar da take ajina. Kwana uku ta zauna gaban mahaifiyata, tsohuwa tana faɗa da Barbarci, yarinya tana juyawa. Ni ban taɓa tambayar mahaifiyata labarin kwarinsu ba, kullum ina sauri, kullum akwai jarrabawa. Kayen ma sau ɗaya na karanta shi, da jan biki a hannu, ina farautar kuskure. Mahaifiyata ta rasu. Muryarta, idan ta rage a wani wuri a duniya, to a cikin wannan koren kaye take.

Ko koko ban ƙarasa ba na ɗauki mayafi. Mai ƙosan tana bakin hanya, ta ga na nufo ta da takarda a hannu ta ɗauka ƙorafi na kawo.

"Madam, lahiya? Ko gishiri ya yi yawa?"

"Ina kika samo wannan takarda?"

"Gardi, mai gadin lakwal, ya ba mu. Kyauta ma. Amalanke guda ya hito da shi satin da ya wuce, kowa ya zo ya ɗiba."

Kowa ya zo ya ɗiba. Na ce ta nuna mini abin da ta ɗiba. Ta ɗaga tabarmar da take zaune a kai ta nuna mini rabonta, kaye shida, an riga an cire musu bango, an yayyaga su gida biyu daidai ƙunshin ƙosai. Babu rubutun ƴata a ciki.

Daga nan lakwal na wuce. Direktan yaro ne matashi, ba ɗan garin ba, mai takalmi mai ƙyalli. Ya tarbe ni da fara'a, ya ba ni kujera, ya ce ai labarina ya riga ni zuwa. Sannan ya yi mini albishir: wata ƙungiya ta ba su babbar tele, wato talabijin, da panno na hasken rana, za a mai da magazar ɗakin kallo, yara su riƙa ganin duniya.

"Takardun da ke ciki fa, Mushe?" na ce, yadda ake kiran malaman lakwal a nan.

"Ai tsofaffin kaye ne, Mama. Na ce wa gardi ya share wurin."

"Ka buɗe ko ɗaya ka duba?"

Ya yi murmushi ya ce aiki ya yi masa yawa. Ko a jikinsa. Da a ce ya sunkuyar da kai ya ce kuskure ne, da wataƙila na haƙura. Amma ya zauna yana juya makullin moto a yatsa, yana kirana Mama, kamar na zo neman tsohon takalmina. Mutum ya yi karatu, an ba shi lakwal guda ya riƙe, kuma bai iya sunkuyawa ya buɗe kwali ɗaya ba! Na ce masa, da bulo ne a ɗakin da ya ƙirga su kafin a fitar. Ya ce in zo bikin buɗe ɗakin kallo ƙarshen wata, za a ajiye mini kujera a gaba. Gardin kuwa, tsoho ne da na sani shekara da shekaru, da ya hango ni ya kewaye bayan azuzuwa. Ban bi shi ba, domin na san abin da zai fito daga bakina ba na faɗa wa mai furfura ba ne.

To, haka karatuna na watan ya fara. Kullum da safe in fita da jaka, in bi masu ƙunshi ɗaya bayan ɗaya. Mai ƙosai, mai awara, mai gyaɗa, mai shagon da ke ƙulla sukari da ganyen shayi, tsohuwar da ke sayar da kanwa a bakin kasuwa. Ba sa bayarwa haka nan, kuma da gaskiyarsu, takarda kayan aikinsu ce. Sai na koma musanya. Na kwashe tsofaffin jaridun mai gidana marigayi, da takardun taron horo da aka yi ta tara mana a kai ba su amfane mu da komai ba, ina ba su suna ba ni. Garin nan ba ya ɓoye magana. Kafin sati ya zagayo an fara cewa Madam ta samu taɓuwa, tana bin bola tana tsintar takarda. Wata da na koyar da ƴaƴanta huɗu ta tare ni a hanya ta ce in riƙa yawan addu'a, zaman gida haka yake yi wa ma'aikata.

Mai tsiren tasha shi ya fi kowa samun kaso, kuma shi ya fi kowa taurin kai. Ya ce jarida ba ta riƙe mai, tana manne wa nama. Takardar kaye ita ce daidai. Na koma gida na tsaya ina kallon littattafan nan uku. Na ɗauki mafi kaurinsu, wanda ko buɗe shi ban yi ba, na kai masa. Ya shafa shafi ɗaya tsakanin yatsunsa kamar mai taya atamfa, ya ce wannan ta yi. A gabana ya yage shafin farko ya ƙunshe wa wani direba tsire. Ni da na zo ina zagin mutane a zuci don sun ba da littafi a ƙunshe nama, ga ni na ba da nawa da hannuna. Ban gaya wa ƴata ba har yau.

Abin da na karanta a watan nan ba shi da kai ba shi da gindi. Rabin shafi, wani lokaci layi uku. Wani kaka ya ce a kwarinsu rijiya zurfinta bai wuce gaba ɗaya ba, da hannu ake ɗiban ruwa. Wata kaka ta ce shekarar da rairayi ya hau katangar lambunsu, sun kwana bakwai suna kwashewa da ƙwarya, a rana ta takwas suka ɗaura wa jakuna kaya. Wani ya lissafa irin dabinon da ke wurinsu, sunayen da ni ban taɓa ji ba, yaji ya cinye na ƙarshe. Wani shafin ya tsaya a kan "sai mahaifina ya ce", sauran yana cikin wanda ya ci awara. Kuma ko'ina ga jan bikina, yana gyara wa yara jimla, yana rage maki don an manta wasali. Wani wuri yarinya ta rubuta cewa kakarta ta yi kuka da ta zo nan a labarin, ni kuma na rubuta a gefe cewa ta kula da tsabtar aiki.

Da yamma bayan magariba surukata takan kunna tele. A watan nan wani dogon fim ɗin Indiya da aka juya da Hausa take bi, ni kuma ina gefe da dutsen guga na gawayi ina miƙar da shafuka. Dole na kalla, tunda kunnena ba shi da murfi. Akwai wata wasiƙa a fim ɗin da ta ɓace. Iska ta ɗauke ta, ta haye rufin gidaje, ta bi ta kasuwa, ta zo ta sauka daidai ƙafar wanda aka rubuta wa, fes da ita, ko ɗigon mai babu. Na yi tsaki har surukata ta juyo.

"Inna, ai fim ne."

"Na sani. A garinsu babu masu ƙosai ne?"

Ta yi dariya, ni ban yi ba. Duk da haka, washegari ni ce na tambaye ta ko mutumin ya karanta wasiƙar.

Na kira ƴata a waya na tambaye ta me ta tuna. Ta ce shekararta goma sha biyu a lokacin. Ta tuna kaka tana tauna goro, ta tuna an yi maganar wata rijiya da wani dare da aka tashi. Ta tuna na ba ta maki goma sha huɗu cikin ashirin. Wannan kam ta tuna shi sarai.

Sati uku ina yawo. Na tara abin da ya cika kwali ɗaya, daga cikin kwalaye fiye da goma. Koren bango na gan shi sau ɗaya, a hannun mai gyaɗa, na fizge shi, ashe na lissafi ne.

Ranar bikin na je, don kada a ce baƙin ciki nake yi da ci gaba. An shafe magazar da farin fenti, an jera benci, an ɗaura wa tele ƙyalle. Aka yi jawabai. Sannan aka kunna mana fim na farko, kuma wallahi da na san abin da za a nuna da na zauna gida. Fim ne a kan yadda rairayi ke cinye kwaruruwan ƙasarmu. An ɗauko su daga sama, ƙanana kamar tabon kore a jikin zane, wata murya tana bayani da Faransanci mai daɗi. Aka nuno wani tsoho yana magana, ba a bar mu mun ji shi ba, muryar ta hau kansa. Can sai ta ce abin takaici shi ne mutanen wurin ba su rubuta tarihinsu ba. A cikin ɗakin nan aka faɗi haka, inda kwalayen suka shekara ashirin suna jiran mai buɗewa. Yara suka tafa. Direkta ya waiwayo yana mini murmushi, yana jira in yaba. Na tashi na fita kafin in yi abin da za a daɗe ana ba da labari.

A bakin ƙofa na yi karo da gardin. Wannan karon bai gudu ba. Ya cire hula ya mayar.

"Madam, an ce kina nemana da hushi."

"Ba nemanka nake ba, Malam. Abin da ka rabar nake nema."

"Ai ban rabar da masu daraja ba. Ni ma ina da hankali. Zo ki gani."

Na bi shi ɗakinsa da ke gefen ƙofar lakwal. Ya hau kan benci ya sauko da wani ƙunshi daga saman katanga, an naɗe shi da farin ƙyalle mai tsabta. Ya yi bisimilla ya kwance. Ya ce kwana biyu ya yi yana tankaɗe takardun nan ɗaya bayan ɗaya kafin ya fitar da su. Duk wadda ya ga baƙin Larabci a jikinta ya ware ta, domin ba a ƙunshe abinci da ita, ba a bari ta taɓa ƙasa, wa ya sani ko da sunan Allah a ciki. Haka aka tarbiyyantar da shi, haka aka tarbiyyantar da ni ma. Har gobe idan na ga irin wannan takarda a hanya sai na ɗauke ta na soke a jikin katanga. Sauran kuwa, na boko, ya ce ai takardun gwamnati ne, gwamnati ba ta rasa wasu.

Na duba abin da ya tsira. Bangon kwalin taliya da ake kawowa daga arewa. Takardar bayanin maganin tari. Ledar madarar gari. Wasu shafuka na koyon Larabci. Takardar da ke nuna yadda ake haɗa fanka. Waɗannan su ne suka kwana cikin farin ƙyalle, mahaifiyata kuwa ta tafi tasha ta ƙunshe tsire. Na buɗe baki zan yi masa tas, sai na ga yadda yake riƙe da takardar fankar da hannu biyu. Shi kaɗai ne a lakwal ɗin nan ya zauna ya duba takardun ɗaya bayan ɗaya. Wanda ya iya karantawa bai duba ba, wanda ya duba bai iya karatun boko ba, ni kuma da na san abin da ke ciki na tafi na bar su.

A ƙasan ƙunshin akwai kaye guda ɗaya, cikakke, da bangonsa. Shuɗi ne, ba kore ba. Ina buɗewa na tuna shi. Wata yarinya ce daga wajen Bune, mai shiru-shiru. Ta kai wa kakanta aikin, shi kuma malami ne, ya ce ba ya bukatar a rubuta masa, ya karɓi kayen ya cika shi da hannunsa da ajami, da tawadar allo. Ta kawo mini tana murna. Ni kuwa na ɗaga shi a gaban aji na ce wannan lakwal ce, ba makarantar allo ba. Ina iya karanta Alƙur'ani, amma hannun tsohon ya fi ƙarfina, kuma ban nemi wanda zai karanta mini ba. Na jefa shi cikin kwali.

"Kana iya karanta wannan, Malam?"

"Mi zai hana? Hausa ce da Barbarci, hannun mutanen da."

Muka zauna a kan benci a bakin ɗakinsa, ana jiyo muryar tele daga magaza. Ya sa yatsa yana bi a hankali. Tsohon ya fara da sunan kwarinsu, sai na matso kusa, domin sunan da mahaifiyata takan ambata ne idan tana mita. Ya faɗi wanda ya haƙa rijiya. Ya lissafa gidaje, gida gida, da shekarar da kowa ya tashi. Gida na ƙarshe da ya rage, ya ce, na wani mutum ne mai taurin kai da ya ƙi yarda rairayi ya fi shi ƙarfi. Gardin ya karanta sunan. Kakana ne. Sannan ya ce ranar da suka tashi, an yi nisa da tafiya sai aka nemi ƴarsa budurwa aka rasa. Ashe ta koma da gudu ta ciro ɗan dabino daga gindin uwarsa, ta ƙunso shi a zanenta da jiƙaƙƙiyar ƙasa. Ubanta ya yi mata faɗa, ta ƙi yarwa. Aka ce daga baya an aurar da ita a Gure, ba a san ko dabinon ya kama ba.

Na ce ya dakata. Na juya fuskata wajen katanga na daɗe. Ya rufe kayen a kan yatsansa yana jira.

Koren kayen ban same shi ba, kuma na daina nema. Direktan har yanzu idan na tuna makullin nan da yake juyawa sai raina ya ɓaci, ban yafe ba tukuna. Littattafai biyun da suka rage suna nan a kan taga. Kwanakin da suka biyo baya, kullum bayan la'asar gardin yakan zo gidana, mu zauna a gindin dabinon, yana karantawa ina kwafewa da baƙin biki.

Ranar da muka gama, ya koma shafin farko. A saman rubutun tsohon akwai wata babbar da'ira da jan biki, an ja mata layi biyu a ƙasa. Ya ɗora yatsa a kai.

"Madam, tun ran nan nake so in tambaye ki. Wannan jan, hatimin lakwal ne? Na ga shi kaɗai aka yi wa babba haka."

Surukata tana tsakar gida tana tankaɗe, ta tsaya tana saurare. Da na ce masa hatimi ne, da ya yarda, ya tafi gida da farin ciki.

"Ba hatimi ba ne, Malam," na ce. "Zero ne. Ni na ba shi."